Kwana Shida Zuwa Filin 'Yan Kurmi

Shekara tara na yi ina goyon bayan ƙungiyar ƙwallon da ban taɓa ganin ko ɗan wasanta ɗaya ba. Ƙungiyar ta Kumasi ce, can ƙasar Gana. Ni kuwa ina Birnin Kebbi, ina aikin buga tafireta a wata ma'aikata, shekara ta biyu ke nan da yanke mana jiha daga Sakkwato, lokacin da ofis ɗinmu ɗaki biyu ne na aro, fayil-fayil kuma suna jibge cikin buhuna.

Kawu Garba ne ya ɗora ni a kan wannan hanya. Yayan mahaifiyata ne, masunci a Argungu. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana su a Yeji, bakin babban tafkin Gana, ya dawo gida da rediyo mai kama nesa da kuma son wannan ƙungiya. Sunanta yana yi mana nauyi a baki, sai Kawu ya laƙaba mata 'Yan Kurmi. Mai tsaron gidanta kuwa ya sa masa suna Taru, don ya ce duk abin da ya doso shi ya shiga hannu, kamar kifi a babbar koma.

Kowace Lahadi nakan baro gidana da ke Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, da hantsi in tafi Argungu. Bayan la'asar mu zauna gindin mangwaro kusa da gulbi, a rataya wayar rediyo a reshe. Mai sharhi yana zuba Turanci, murya tana zuwa tana ɗaukewa, ni kuma ina mayar wa Kawu da abokansa da Hausa. Har na haddace sunan kowane ɗan wasa da inda yake tsayawa.

Wata Lahadi cikin damina, bayan an tashi wasa, mai sharhi ya ce nan da mako biyar Taru zai tsare gida karo na ƙarshe a filinsu na Kumasi, daga nan ya aje safar hannu. Na faɗa wa Kawu. Ya juya yana kallon ruwa.

"Ni dai gwiwoyina sun ƙi," in ji shi. "Da ni da kai munka tai."

Ban san lokacin da na ce, "Kawu, ni ina zuwa," ba.

Ɗansa Mamman, taubashina, yana gefe yana ɗinkin koma. Bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan, abin da ya dame shi kawai ya tsokane ni.

"Wanga da ko kwalekwale yash shiga sai ya riƙe rigata? Baba, bari in raka shi, kar a sai da muna shi ga hanya."

Haka tafiyar ta zama ta mutum biyu.

Mako huɗun da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin kwanaki irin nasu ba. Kawu ya kai mu kan jiƙaƙƙen rairayi ya zana mana hanya da kara: Kamba, Gaya, a haye gada zuwa Malanbil, a gangara Faraku, a karya yamma zuwa Zugu, a ratsa Togo, sai Yandi, sai Salaga, sai bakin tafki inda jirgi ke ɗaukar motoci zuwa Yeji. Daga nan Kumasi wuni ɗaya ce. Na kwafe zanen a takarda, na kai ofis na buga sunayen garuruwan da tafireta, kwafi uku. Ɗaya a aljihu, ɗaya a jaka, ɗaya na ba matata Hadiza. Ta karanta, ta dube ni, ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda ya ratsa ƙasa huɗu don ya ga ƙato yana cafe ƙwallo ba. Amma ita ce ta kwana biyu tana yi mana ƙuliƙuli da dakuwa.

Na tsara komai. Mu tashi Talata, mu isa Juma'a, mu yi salla a Zangon Kumasi, Asabar in je in zagaya filin in ga ƙofofinsa, in sayi tikiti cikin natsuwa, in zaɓi wurin zama bayan ragar Taru. Har na yi ta gwada abin da zan ce masa in Allah ya haɗa mu, da Turanci, ina maimaitawa a kan hanyar ofis.

Neman hutu ne ya fi ba ni tsoro. Shugaban sashenmu mutum ne marar wasa.

"Gana? Rasuwa anka yi?"

"A'a, ranka shi daɗe. Ƙwallo za ni kallo."

Ya cire tabarau ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce ya ba ni kwana goma sha biyu saboda ban yi masa ƙarya ba, amma in na ƙara ko wuni ɗaya, zan tarar da wani a kan kujerata, don masu neman aiki a sabuwar jiha sun cika baranda.

Kawu kuma ya ba mu amana: wani babban kwando na bandar kifi, zaɓaɓɓe, wanda ya ƙyafe da hannunsa. Ya ce mu kai wa Alhaji Tanko a Yeji, mutumin da ya saukar da shi shekarun da ya yi a can.

Ranar farko lafiya lau. A kan gadar Gaya Mamman ya leƙa Kwara ya ce ashe gulbinmu ƙanen wani ne. Muka kwana a Malanbil, inda Hausa da Zabarmanci suke tafiya tare a kasuwa, har ban ji na bar gida ba. Laraba muka wuni a mota, muka sauka Zugu gab da magariba, jiki duk ya yi tsami, amma ina ta lissafin cewa saura kwana biyu.

Da safiyar Alhamis a tashar Zugu wani mutum ya tare mu. Farar riga, hula mai kyau, carbi a hannu. Ya ji muna magana, ya tsaya.

"Kai, wagga Hausa ta gida ta. Mutanen ina?"

Muka ce Argungu da Birnin Kebbi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce shi mutumin Jega ne, shekara ashirin rabonsa da gida. Ya tambayi ruwan bana, ya tambayi shinkafar fadama. Har idonsa ya kawo ruwa. Ya kai mu wurin mai shayi, ya hana mu biya. Sannan ya ce motar Togo ta kusa cika, mu zauna mu ƙarasa shayinmu, shi zai kai mana kwandon a ɗaure a sama tun kafin wuri ya ƙare. Mamman ya ɗan yi jim. Ni ne na ce masa, "Haba, ɗan'uwa na."

Muka shanye shayi, muka je wurin motar. Babu kwando a sama, babu mutumin Jega. Direba ya ce bai taɓa ganinsa ba. Mai shayin ya kawar da kai, ya ce wancan makon mutumin Katsina ne, kafin nan kuma na Damagaram.

Muka zagaye tasha da kasuwa har azahar. Motar safe ta tafi ta bar mu. Na zauna a kan wani benci na rasa abin da ke yi mini daɗi, ina tunanin Kawu tsugune gaban wuta da gwiwoyinsa masu ciwo yana juya kifin nan ɗaya bayan ɗaya. Na jira Mamman ya yi mini faɗa. Bai yi ba. Ya ɓare dakuwa ya miƙo mini rabi.

"Ci, ɗan boko. Ni ma na sha shayin."

Motar yamma ta kai mu cikin Togo kawai, can muka kwana. Juma'ar da na tsara za ta same ni a Kumasi, a kan iyakar Gana ta same ni, muna layin duba takardu. Abu ɗaya ya faranta mini rai: wani fasinja ya ce tun shigarmu Togo ya kamata in mayar da agogona baya da awa ɗaya. Na ce wa Mamman ka ga, mun samu ribar awa guda. Ya ce in aje ta da kyau kar mutumin Jega ya gani.

Daga Yandi zuwa Salaga hanyar jar ƙasa ce, ruwan sama ya mayar da ita kunu. Babbar mota muka shiga, mu da buhunan doya da awaki. Sau uku tana kafewa, sau uku muna sauka mu tura, laka har gwiwa. A karo na uku takalmina ɗaya ya nutse, na laluba na rasa. A wani ƙauye da ba mu jin harshensu ba sa jin namu, wata tsohuwa ta ga ina ɗingishi da ƙafa ɗaya a takalmi, ta shiga gida ta fito da silifa, ɗaya shuɗi ɗaya ja, ta aje a gabana. Na sa hannu a aljihu, ta girgiza kai ta koma ciki. Da su na ƙarasa tafiyar.

A nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Abincin da muka samu dokunu ne, wani tuwon masara mai tsami, da barkono, na kai loma biyu na kasa. Na tuna tuwon shinkafar Hadiza da miyar kuka, na tuna yadda 'yata ƙarama take rarrafowa in na dawo aiki ta kama ƙafar wandona. Na tambayi kaina me ya kawo magidanci nan. Amma da motar ta tashi, wani saurayi a kan buhunan doya ya fara rera waƙar 'Yan Kurmi, wadda nake ji ana yi a bayan muryar mai sharhi. Na kama amshi ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Ya zaro ido, ya miƙo mini hannu. Kewar ta tafi.

Asabar da azahar muka isa bakin tafki. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, ba a hango ɗaya gaɓar sai wani baƙin zare can nesa. Motoci sun yi layi, mata sun kafa murhu. Jirgin da ke haye da motoci ya lalace tun shekaranjiya, ana jiran kayan gyara. Wani ya ce Litinin, wani ya ce Laraba.

Wasa gobe ne.

Na tsaya da silifa kala biyu ina kallon ruwa. Mamman ya bar ni ya gangara inda masunta suke. Na ga ya tsuguna kusa da wani mutum da ke fama da yagaggiyar koma, ya karɓi allurar ya fara ɗinki. Mutumin ya kalli irin ƙullin da yake yi, ya ce da Hausa, "Wannan ɗaurin Kabawa ne." Mamman ya ce ɗan Garba ne na Argungu. Kafin a jima mutum biyar sun kewaye shi, ana ta tambayar ko Garba yana nan da rai, ko har yanzu yana faɗa da mutane a kan ƙwallo.

Suka sa mu a dogon jirgin katako mai inji. Tafkin cike yake da busassun itatuwa da ruwa ya shanye, kawunansu a waje, wasu a ɓoye. Matuƙin yana bi tsakaninsu, igiyar ruwa tana marin jirgin tana watso mana. Ban ɓoye ba, na riƙe rigar Mamman tun daga wannan gaɓa har waccan, ina karanta duk addu'ar da na sani. Sai da muka taka ƙasa, sannan ya nuna wa masuntan inda na yamutsa masa riga.

Alhaji Tanko dattijo ne mai ƙiba da yawan dariya. Muka gaishe shi, na durƙusa na ba shi labarin kwandon tun daga farko, kaina a ƙasa. Ya saurara har na gama. Sai ya fara dariya, har yana share hawaye.

"Garba ya aiko mini da kifi? Zuwa Yeji? Ku dubi bayanku."

Muka waiwaya. Rumfuna ne jere, kifi a kan waya yana shan hayaƙi iyakar ganinka.

"Saƙo ya iso," in ji shi. "Ku gaya masa na ci, ya yi daɗi."

Ya sa aka ba mu ruwan wanka da tuwo. Ya ce motarsa ta kifi za ta tashi Kumasi bayan asuba, mu bi ta. Tikiti kuwa, ya ce kada mu yaudari kanmu, ya ƙare tun tsakiyar mako. Amma mu nemi ƙanwarsa Mma Ladi a ƙofar filin ta gabas, tana sayar da shinkafa da wake.

Muka shiga Kumasi rana ta take tsaka, muna warin kifi. Tun daga nesa na fara jin ganguna. Tituna sun cika da mutane masu tutoci, duk sun nufi wuri ɗaya. Da na hango dogayen fitilun filin sun tsaya sama da rufin gidaje, sai na ƙara sauri. Na ce, "Mamman, ga shi can." Ya ce ya gani, ba makaho ba ne, amma shi ma ya ƙara sauri.

Mma Ladi doguwar mace ce mai murya kamar ta mai shela. A Zango aka haife ta, Hausarta kuwa ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. Ta ji saƙon yayanta, ta dube mu sama da ƙasa, ta tsaya a kan silifana.

"Daga Najeriya saboda wasa? Kwana nawa?"

"Shida, Hajiya."

"To, tikiti babu. Amma wuya akwai? Ɗauki wannan."

Ta ɗora mini wata ƙatuwar roba ta shinkafa da wake a ka, ta ɗora wa Mamman tukunyar miya. Ta wuce gaba tana faɗa da masu gadi da harshen Asante, mu muna biye. Haka ma'aikacin gwamnati ya shiga filin da ya yi shekara tara yana mafarki, miya tana ɗiga a kafaɗar taubashinsa, shi kuma zafin shinkafa yana cin tsakar kansa.

Da na sauke robar na ɗago, sai na ga ciyawa. Kore shar, shimfiɗe, an ja mata farin layi. Mutane kuwa daga ƙasa har sama, ko'ina motsi. Ƙarar da nake ji a rediyo kamar ruwan sama a kan kwano, ashe a nan har cikin ƙirji take shiga. Muka taya Mma Ladi zuba abinci har ya ƙare, sannan ta ja mu can ƙasa kusa da shingen waya, bayan raga.

'Yan wasa suka fito, sai na gane wani abu da bai taɓa zuwa mini a rai ba. Babu mai sharhi. Ga mutum goma sha ɗaya a rigar 'Yan Kurmi, na san sunan kowa, na san wanda ke buga hagu da wanda ke saurin fushi, amma ban san fuskar ko ɗaya ba.

"Hajiya, ina mai tsaron gida?"

Ta nuna wani gajeren mutum mai sanƙo da ƙafafu gwame, yana tafe yana gyara safar hannu. Ni da nake zaton zan ga ƙato wanda kansa ke taɓa sandar sama. Mamman ya ce, "Wanga shi na Tarun? Ko homa, 'yar komar hannu, bai kai ba."

Aka busa. Mma Ladi tana nuna mini lamba tana faɗin suna, ni kuma ina haɗawa da abin da ke kaina. Kafin minti goma kowa ya zauna a wurinsa. Mamman ya ce bai gane komai ba, in gaya masa abin da ake ciki. Na fara yi masa bayani a hankali, sai baki ya kama hanyar da ya saba. Na shiga zuba sharhi da Hausarmu ta Kabi kamar ina gindin mangwaro: ga shi ya ɗauko ta, ya yanke mutum guda, ya ba na hagu, na hagu ya tsaya shawara kamar mai zaɓen zane a kasuwa. 'Yan Zango da ke kusa suka fara juyowa. Wani ya ce in ɗaga murya. Aka matsa mini wuri na hau kan benci. In na ce "yat tahi da ita" sai su kwashe da dariya su maimaita.

Wasan bai zo da sauƙi ba. Baƙin sun matsa ƙwarai bayan hutun rabin lokaci. Sau ɗaya ɗan gabansu ya fito shi kaɗai, ya buga ta ƙasa can lungu, na riga na ce ta shiga. Gajeren mutumin nan ya miƙe a iska kamar an ja shi da igiya, ya kai yatsu ya kawar da ita. A gabana, taku goma. Na ji ƙarar ƙwallon a safar hannunsa. Shekara tara rediyo bai taɓa kawo mini wannan ƙarar ba. Mamman, wanda bai damu da ƙwallo ba, na same shi rungume da wani Ba'asante suna tsalle.

Saura kaɗan a tashi muka ci ɗaya, can ɗaya ragar, nesa da mu har ban ga wanda ya zura ba. Ban damu ba. Aka tashi a haka.

Taru ya zagaya filin yana ɗaga hannu, mutane suna jefa masa tutoci da huluna. Da ya zo daidai mu na manna fuska a waya ina kiran "Taru, Taru," na manta cewa mu kaɗai a Argungu muka san shi da wannan suna. Bai juyo ba. Sai Mma Ladi ta buɗe muryar nan tata ta kira shi da sunansa na gaskiya, ta ƙara da wata magana da harshensu tana nuna mu. Ya tsaya. Ya tako har bakin waya, gumi yana zuba daga sanƙonsa, ya dubi silifana, ya dube ni. Ya ɗora tafin hannunsa a kan waya daidai nawa, ya ce da Hausa tsantsa:

"Daga Najeriya? Sannunku da hanya. Kun sha wahala."

Ashe shi ma ɗan Zango ne. Ni da na yi minti casa'in ina surutu a kan benci, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya jira kaɗan yana murmushi. Mamman ne ya leƙo ta kafaɗata.

"Yawwa, sannu da aiki. Ka yi haƙuri da shi, ruwa na yag gigita shi jiya."

Taru ya yi dariya, ya buga wayar sau biyu da hannu, ya ci gaba da zagayensa. Na bi shi da ido har ya shige ƙofar 'yan wasa. Sannan Mma Ladi ta taɓa ni a kafaɗa, ta nuna robar da babu komai a ciki.

"Mai sharhi, an gama. Ɗauko mu tafi."